Kunnena Ya Je Wurin Tela

Tun kafin in buɗe baki na ga ka taɓe naka. Ban yi mamaki ba. Haka mutanen majalisarmu suka yi ranar da na zaro ɗan akwatin daga aljihu bayan la'asar, na buɗe, suka ga wasu abubuwa biyu masu sheƙi, kamar an narka alawa an zuba a kunnen mutum ta daskare. Abokina Bazazzagi, wanda magana ba ta taɓa wuce shi bai tare ta ba, ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "Malam, yaushe ka kurumce ba mu zo jaje ba?" Na ce iyafis ne. Ya ce haba, ai ya san iyafis, ga shi nan a faifan yara a kowace danja. Ya cusa ɗaya a kunnensa, ya murza dama, ya murza hagu, abu ya ƙi shiga. Ya sauya kunne, ya ƙi. Ya miƙo mini yana cewa an cuce ni, mai naƙasa aka sayar mini. Na karɓa na ɗora a bakin kunne, na ɗan juya shi baya, ya shige ya zauna daram kamar da shi aka haife ni. Na sa ɗayan. Daga nan leɓɓansa kawai nake gani suna motsi. Shekara 20 muna tare, ranar ce na fara cin riba a kansa.

To, kai ma da kake gyaɗa kai kana cewa mutumin nan kuɗi ne suka yi masa yawa, matso kusa. Kuɗi ba su yi mini yawa ba, tambayi mai shagon layinmu. Amma shaddar da ke jikinka, a rataye ka saye ta? Ba tela ka kai wa ba, ya ɗora maka tef a kafaɗa, ya auna hannu, ya auna wuya, har ka yi masa faɗa don ya ƙara inci ɗaya a wando? Hularka ma sai da ka ce 22 da rabi, ka ƙi karɓar 23. Kai ya samu awo, wuya ya samu, ƙafa ta samu. Kunne kaɗai ne maraya, shi aka ce ya yi haƙuri da robobi uku a leda, ƙarama, matsakaiciya, babba, in ba su yi maka ba kai ka sani. Alhali ramin kunnenka bai yi kama da na kowa ba. Na damanka ma ba irin na hagunka ba ne.

Ga yadda ake ɗinkin. Wurin masu gwajin ji ake zuwa, waɗanda ke haɗa wa masu matsalar kunne na'ura. Ni wata ma'aikaciya ce ta karɓe ni, ta leƙa kunnena da 'yar fitila, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Yallaɓai, sai an wanke tukuna." Wannan ɓangaren ban gaya wa majalisa ba. Da na dawo bayan kwana uku, ta ɗauko wani ɗan soso ɗaure da zare ta tura shi can ciki har ya wuce lanƙwasa ta biyu. Ashe ramin kunne ba miƙaƙƙe ba ne. Tsawonsa wajen santimita biyu da rabi, kuma sau biyu yake karkacewa kafin ya kai ga dodon kunne. Soson shi ne mai gadi, kada abin da za a ɗura ya taɓa dodon. Sai ta kwaɓa wani ƙullin silikon, ta cika sirinji mai faɗin baki, ta ba ni wani ɗan guntun abu ta ce in ciza, in bar bakina a buɗe, ban da magana. Dalili kuwa, muƙamuƙi na motsawa ramin kunne na canza siffa. Sa ɗan yatsanka a kunne ka yi hamma ka ji da kanka. Ta matsa sirinji. Wani sanyi ya malalo ya cika kunnen, duniya ta ɗauke kamar an kashe rediyo. Na zauna kusan minti biyar baki hangame, yawu na ɗiga a tawul, magidanci da iyalinsa, ina kallon kalandar bango. Da abin ya daskare ta jawo zaren a hankali, sai ga wani abu ya fito mai gwiwa-gwiwa kamar ɗanyar citta. Ta ce, "Ga kunnenka nan."

Wannan cittar ake aika wa kamfani. Su ɗauki siffarta da kwamfuta, su fitar da ɓawo na akirilik, wato roba mai tauri 'yar uwar wadda ake haƙoran roba da ita, su jera kayan sauti a ciki, su rufe, su goge. Makonni ake jira. Nawa da ya iso, na hagu yana ɗan cizona idan na yi awa guda da shi, dole na mayar aka ɗan kankare, aka sake wata jiran. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Na san tambayar da ke cinka tun ɗazu, don ni ma Bakano ne, kafin mu ce ina kwana mun ce nawa. Nawa ne nawa? Nawa ne, ba naka ba; uwargida tana karanta mujallar nan. Amma ga farashin manya ka auna. Lokacin da kamfanin JH Audio na Amurka ya fito da JH13 Pro a 2009, dala 1,099 ya sa masa, mutane suka ce an haukace. Bayan 'yan shekaru kamfanin 64 Audio ya sa wa A12t dala 1,999, A18t kuma dala 2,999. Ɗauki waya ka kira mutuminka ɗan canji na Wapa ya buga maka. Na ji ka ce babur, na ji wancan ya ce kuɗin fuloti a bayan gari. Ban musa ba. Akwai na 'yan ɗaruruwan dala, can ne irinmu muke rakuɓewa, amma ko su ɗin ba kuɗin da ake faɗa a gaban suruki ba ne.

Sai dai kafin ka ce kayan 'yan gayu ne, ka san cewa ba don gayu aka ƙirƙire shi ba, wahala ce ta haife shi. A 1995 ƙungiyar mawaƙan Van Halen ta Amurka tana zagayen wasa, mai gangarsu Alex Van Halen ya yi ta kukan cewa ba ya jin abokan kiɗansa. A lokacin lasifikoki ake girkewa a gaban kowane makaɗi suna fuskantarsa don ya ji kansa, kowa na cewa a ƙara nasa, dandali ya zama kasuwar 'yan ƙira. Mai kula musu da sauti, Jerry Harvey, ya haɗa masa abin kunne da aka zuba daidai kunnensa, mai 'yan lasifika biyu a ciki, ɗaya ta amon ƙasa ɗaya ta amon sama. 'Yan ƙungiyar Skid Row da ke buɗe musu wasa suka gani suka ce su ma a yi musu. Daga nan kamfanin Ultimate Ears ya tashi, wanda Logitech ya saye a 2008 kan dala miliyan 34, shi kuma Harvey ya riga ya fita ya kafa JH Audio. Abin da kake gani a kunnen mawaƙi a talabijin kana zaton yanga ce, kayan aiki ne, kamar tabarau a fuskar mai walda. Mu masu saurare a mota da tasha daga baya muka shigo, bayan iPod ta fito a 2001 ta sa mutum yana yawo da waƙa dubu a aljihu.

'Yan lasifikar da ke ciki ma aron su aka yi daga na'urar taimakon ji, don haka Bazazzagin nan bai yi nisa da gaskiya ba, kada dai ka gaya masa. Iyafis ɗin danja tantani ne zagayayye da maganaɗisu ke kaɗawa, ƙanen lasifikar masallaci. Na awo kuwa yawancinsu wani ɗan akwatin ƙarfe ne, wasu ba su fi ƙwayar shinkafa biyu ba, a ciki akwai siririn harshen ƙarfe a tsakanin maganaɗisu biyu; wuta na bi ta naɗin waya harshen ya karkaɗa, ya tura ɗan tantani, sauti ya fita ta bututu. Kamfanoni biyu ne suka yi fice wajen ƙera su, Knowles na Amurka da Sonion na Denmark. Knowles ɗin nan tun 1946 yake, kuma makirfonsa na cikin kayan da Neil Armstrong ya yi magana da su daga duniyar wata a 1969. Da yake kowane ɗan akwati yana da iyakar inda ya fi ƙwarewa, sai a tara su a raba musu aiki: waɗannan su riƙe amon ƙasa, waɗannan muryar mutum, waɗancan ƙarar sama irin ta kuge. JH13 shida yake da su a kowane kunne. A18t, kamar yadda sunansa ya nuna, 18.

Yanzu ga sirrin, kuma a nan ne nake so ka ajiye dariyar ka saurara, in ya so ka ɗauka daga baya. Ba ƙarin sauti na saya ba. Shiru na saya.

Ka tuna yadda kake jin waƙa a cikin a-daidaita-sahu da yamma: inji na ruri a ƙarƙashinka, hon ta ko'ina, mai rake na kira, ga wani ya ƙure rediyonsa. Me kake yi? Ka danna ƙarin murya har ƙarshe. Waƙar ba ta gyaru ba, ihu kawai ta koma, tana kokawa da titi a cikin kanka. Na awo yana toshe ramin ruf, masu yinsa suna cewa yana rage hayaniyar waje da kimanin desibel 26. A ma'aunin kunne, duk ragin desibel 10 kamar an raba ƙara biyu ne, don haka 26 ya mayar da titi kusan kashi ɗaya cikin shida na yadda yake. Babu batir a ciki, babu wata dabarar kwamfuta, toshi ne kawai irin na bakin tulu. A kan wannan shirun ake shimfiɗa waƙa, sai ƙananan abubuwan da titi ke haɗiyewa su ɗago kai: numfashin mawaƙi kafin ya ɗauki baiti, gogar yatsa a kan tsirkiya, wani ɗan amshi da ya makara da rabin daƙiƙa.

Toshin nan kuma shi ne uban amon ƙasa, wanda yara ke cewa bes. 'Yar lasifika mai girman ƙwayar hatsi ba ta da ƙarfin girgiza ɗaki, abin da take iyawa shi ne matsa 'yar iskar da ke kulle tsakaninta da dodon kunne. In akwai kafa ko ta allura ce, iskar ta tsere, bes ya tafi da ita, a bar ka da ƙarar gwangwani. Gwada yanzu: danna iyafis ɗinka da yatsa ka ji yadda ganga ta cika, ka saki ka ji ta rame. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai dai ba ka san naka kunnen na yoyo ba sai yau. Akwai kuma zancen zurfi. Ramin da aka toshe kamar sarewa yake, yana da amon da yake ƙara wa ƙarfi, kuma wurin amon yana matsawa gwargwadon yadda abin ya shiga ciki. Shi ya sa iyafis ɗin roba yau ya yi maka daɗi, gobe ya yi kaifi yana soka. Ba shi ya canza ba, kai ne ka tura shi daban. Na awo wuri ɗaya yake tsayawa kullum, ko ka so ko ka ƙi.

Me na ji da shi? Bari in faɗi wanda ya fi kama ni. Kalangu. Kowa ya san kalangu magana yake, makaɗi ya matse shi a hammata murya ta hau, ya saki ta sauko, yana bin hawa da saukar harshen Hausa. A ƙaramar lasifikar waya bugun kawai kake ji, tas, tas. A nan kuwa na ji abin da ke biyo bayan bugun, yadda fatar ke lanƙwasa amo tana jan sa sama kafin ya mutu, wato wurin da maganar take. Na ji kalangai biyu sun rabu, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa, alhali shekara da shekaru ina zaton ɗaya ne. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, ɗan gwangwani da fata da tsirkiya guda, sai ga shi da ƙarar ƙarfe-ƙarfe a bakin kowane bugu da ban taɓa lura da ita ba. Kai kuma Malam da ka ce kai ba ruwanka da kiɗa, na ji, Allah Ya ƙara tsarewa. Sa karatun Shaihu Husari, wanda aka naɗi Alƙur'ani cikakke da muryarsa a Masar a 1961, ka saurari yadda yake fitar da harafi daga maƙogwaro, da inda gunna ke farawa da inda take tsayawa. Ɗalibin tajwidi ya fi ni buƙatar shirun nan.

Amma zuma ce, da zaƙi da harbi. Abin nan ba ya rufa wa kowa asiri. Yawancin waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da ke yawo a wayoyinmu daga kaset aka kwafo su, kaset ɗin ma jikan kaset ne, sannan aka matse su aka tura daga memori zuwa memori, daga WhatsApp zuwa WhatsApp. Faifan CD yana zuba bayanai kilobit 1,411 a daƙiƙa. MP3 ɗin da aka saba 128 ne, na masu turi wani lokaci bai kai haka ba. Da iyafis ɗin danja ba ka jin ɓarnar, duk ya shafe ta da hazo. Da na awo sai ka ji shuuu ɗin kaset kamar ana ruwa a kwano, ka ji inda zaren ya taɓa tauna, ka ji tafi ya koma kamar ana murza leda. Daren farko da na kunna wata waƙar Barmani Choge da na fi shekara goma ina so, sai da na cire na duba ko abin ne ya lalace. Lafiyarsa lau. Gaskiya ya gaya mini, irin ta ƙaramin yaro a gaban baƙi. Haka zai tona wayarka ma: da yake 'yar ƙaramar wuta ke motsa shi, in mafitar sautin wayar ba ta da tsabta za ka ji tana huci tun kafin waƙa ta fara. Tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016 wasu suka bi sahu, sai ka nemi 'yar wutsiyar da ake maƙalawa a wurin caji, ko ka sayi na'urar waƙa ta daban irin su FiiO da Astell&Kern. Wani kuɗin ke nan. Na ga ka fara murmushi.

To yi murmushinka, bari ma in ba ka sanda ka dake ni da ita, don na fi so in miƙa maka da hannuna. A 2017 wani mai bincike, Jeroen Breebaart, ya duba awon na'urorin kunne 283, masu araha da masu tsada, ya tarar kusan babu alaƙa tsakanin farashi da yadda suke daidaita amon ƙasa da na sama. A kamfanin Harman kuma Sean Olive da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna zaunar da mutane suna ba su saurare ba tare da sun san wace na'ura ce ba, suka gano yawancin kunnuwa kusan irin miya ɗaya suke so: bes ya ɗan ɗaga, murya ta fito fili, sama kada ta yi kaifi. Da wannan awo ya bazu, kamfanonin Sin suka ɗauka suka kwaikwaya. A 2022 aka fito da Moondrop Chu da 7Hz Zero, wajen dala 20 kowanne, masu lasifika guda tak, kuma daidaiton amonsu ya kunyata wasu da suka ninka su sau 50 a kuɗi. Na saurara da kunnena. Ba zan ce sun kamo na awo ba, ba su kai shi rarrabe kayan kiɗa idan waƙa ta cunkushe ba, ba su kai shi toshi ba, kuma bayan awa biyu kunne ya fara ƙorafi. Amma wanda ya ce maka na dala 2,000 ya fi na dala 20 sau ɗari, tambaye shi ko yana da shago.

Yawan lasifika ma kada ya ruɗe ka. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ba a cikin kunne ba. Makaɗa 18 da ba su yi gwaji tare ba, gara mai kukuma ɗaya da ya san hannunsa. Etymotic ER-4 ya fito tun 1991 da 'yar lasifika ɗaya tilo, har yau masu aikin sauti suna girmama shi. Abin da ke sa na awo ya yi kyau shi ne gwanin da ya daidaita su, ya san tsawon bututun kowacce da inda wannan za ta miƙa wa waccan. In ya kuskure, ka sayi hayaniya mai tsada, kuma an ɗinka ta daidai kunnenka.

Mutanena ma, 'yan ƙungiyar kunne, ba zan ƙyale su ba. A cikinmu akwai wanda zai sayi igiyar iyafis ta ɗaruruwan dala, ya rantse maka ta azurfa tana sa murya haske, ta tagulla tana sa ta ɗumi, kamar shayi. Akwai mai kunna sabon iyafis ya kulle a durowa kwana huɗu wai yana nuna, kamar mangwaro. Akwai dattijo mai furfura da ke cika baki nasa yana kaiwa girgiza 40,000 a daƙiƙa, alhali kunnen ɗan Adam daga 20 zuwa 20,000 yake ji, shi ma a ƙuruciya. Wanda ya ba 50 baya da wuya ya ji abin da ya haura 15,000. Jemage yake saya wa, ba kansa ba. In irin waɗannan kake wa dariya, matsa mini in zauna kusa da kai.

Inda ba zan yi wasa ba shi ne lafiyar kunnen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti, kuma ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, ka ga kafin ka kai 100 an koma lissafin mintoci. Can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu gashi-gashi, ba su wuce 16,000 ba, su ke mayar da girgiza ta zama ji, kuma wadda ta mutu ba ta tsirowa. Yaron da ke zaune kusa da kai a mota kana jin waƙarsa daga kunnensa, su yake kashewa, ba don yana son ƙara ba sai don yana gasa da inji. Ni tun da titi ya yi shiru, murya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku a wayata. Amma wuƙar kaifi biyu gare ta: abin yana dab da dodon kunne, kuma ba ya buƙatar wuta mai yawa, wanda ya ƙure shi zai ji a jikinsa. Wanda kuma ya toshe kunne ya hau babur ko ya tsallaka titin Zariya, wannan ba mai son waƙa ba ne, mai neman a yi masa waƙa ne.

Sauran aibobinsa kuwa a gida ake ganinsu. Ka sa shi ka tauna ƙuli-ƙuli, za ka rantse ana rushe katanga a cikin kanka, domin ƙarar da ke bi ta ƙashi ba ta da hanyar fita. Takunka ma kana jin sa dum, dum, kamar wani na bin ka. Uwargida ta yi kira uku daga tsakar gida, na huɗun da kanta ta zo, kuma bayanin desibel 26 bai karɓu ba. Ɗan bututun da sauti ke fita siriri ne, dauɗar kunne da ƙurar hunturu suna toshe shi, kullum sai ka bi shi da ɗan tsinken da aka haɗo da shi kamar mai sakace. Gumin bazara kuma maƙiyin ƙarfen ciki ne, sai an kwantar da shi da 'yar jakar tsotse laima. In ya faɗi a siminti yana iya tsagewa. In ka yi ƙiba sosai ko ka rame, kunne ma yana bin jiki, toshin ya saki. Ba a saya wa yaro, kunnensa bai gama girma ba. Ranar da aljihu ya bushe kuma ba ka da abin kaiwa kasuwa, don ba mai sayen kunnen wani. Sai dai a fasa ɓawon a sake zubawa, da wani kuɗin. Ko magada sai dai su ajiye shi tarihi. Alheri ɗaya a nan: shi kaɗai ne abin da na mallaka da ba a taɓa zuwa aro ba. Caja ta tafi, tocila ta tafi, takalmin Juma'a ma ya taɓa zuwa ɗaurin aure ba da ni ba. Wannan yana nan.

Makon jiya Bazazzagin ya iso majalisa yana taku ɗai-ɗai, ya zaro 'yar leda ya ajiye a gabana. Irin na Sin ɗin nan ne, ya sa an kawo masa. Ya ce, "Malam, ɗanɗana na talakawa." Na goge robar da gefen riga na sa, na kunna waƙar da na fi sani. Na daɗe ban ce komai ba, domin abin ya yi kyau fiye da yadda zan so ya yi. Ya ce, "Yaya?" Na ce ba laifi. Ya ce a bakin Bakano ba laifi ai lambar yabo ce, ya juya yana gaya wa jama'a na yi asarar kuɗin babur. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, mai walda na kusa da mu ya tayar da janaretansa, wanda duk unguwa ta san shi da suna. Na ga babban yatsan abokina ya hau gefen waya yana dannawa, yana dannawa, har ya kai ƙarshe, ya kuma dafe kunne da tafin hannu. Ni kuwa na buɗe ɗan akwatina, na juya na dama, na juya na hagu, na jingina da bango. Ya yi magana, na nuna masa kunne na girgiza kai. Ya ƙara, na ɗaga kafaɗa. Can sai wayata ta yi motsi a cinya, saƙo daga mutumin da ke zaune taku biyu da ni: wai wani ƙanensa ne ke tambaya, a ina ake awon?

Na rubuta masa cewa ya gaya wa ƙanen nasa ya fara zuwa a wanke tukuna.